Tuƙa Jirgi Mai Saukar Ungulu da Dare Cikin Mummunan Yanayi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk sanda aka ji helikwafta ya faɗi da dare, ko cikin hazo, zancen farko da mutane ke yi shi ne ko inji ya mutu, ko kuma an harbo shi. Sai bayan shekara guda rahoton masu bincike ya fito, a tarar inji lafiyarsa ƙalau har zuwa daƙiƙar ƙarshe. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kan wannan lamari.

Manyan jiragen fasinja suna tafiya dare da rana, cikin ruwa da gajimare. Me ya sa na helikwafta ya zama daban?

Babban jirgin fasinja yana tafiya ne a tsayin ƙafa 30,000 zuwa 40,000, can sama da tsaunuka da mafi yawan hadari. Matuƙa biyu ne a ciki, na'ura ce ke riƙe da shi galibin tafiyar, kuma daga filin jirgi yake tashi zuwa wani filin jirgin da aka tanadar wa fitilu da na'urorin sauka. Shi kuwa helikwafta aikinsa a ƙasa-ƙasa yake, sau da yawa tsakanin ƙafa 500 da 2,000, wato daidai inda tuddai da turakun sadarwa da manyan wayoyin lantarki suke. Sau da yawa matuƙi ɗaya ne, kuma inda zai sauka yana iya zama fili ne kawai, ko gefen titi, ko kan rufin asibiti.

Akwai kuma halin jirgin kansa. Jirgi mai fukafukai, idan an daidaita shi aka sake shi, yakan ci gaba da tafiya sambal na ɗan lokaci. Helikwaftan da ba shi da na'urar daidaitawa ba ya yin wannan alfarmar. Ka sake sandar tuƙi na 'yan daƙiƙu, zai fara karkata. Hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki, kowane lokaci matuƙi yana yin ƙananan gyare-gyare, kuma abin da yake dubawa ya yi gyaran shi ne layin nan da sama ta haɗu da ƙasa. In layin ya ɓace, magana ta canza.

Mene ne bambancin tuƙi da ido da tuƙi da na'ura?

Dokokin sufurin sama sun kasa tafiya gida biyu. A tuƙi da ido, matuƙi yana kallon waje, yana ganin ƙasa, kuma doka ta hana shi shiga gajimare. A tuƙi da na'ura, ba ruwansa da taga: agogunan da ke gabansa ne ke gaya masa tsayi da gudu da karkata, yana bin hanyar da aka tsara a tsayin da ya wuce duk wani cikas, jami'an hasumiya, wato masu kula da zirga-zirgar jirage daga ƙasa, suna bibiyarsa. Wannan na biyun sai da lasisi na musamman, da jirgin da aka amince masa, da kamfanin da aka ba izini. Ƙananan helikwaftoci masu inji ɗaya, mafi yawansu da ido ake tuƙa su. Mummunan hatsarin yana faruwa ne a tsakani: mutum ya tashi da niyyar tuƙi da ido, sai kwatsam ya tsinci kansa cikin gajimare.

To idan ya shiga gajimare, ba sai ya riƙe jirgin daidai ya wuce ba? Ai mutum yana jin in ya karkata.

A nan ne kusan kowa yake kuskure, har da wasu matuƙan. Ana cewa jiki magayi, amma cikin gajimare jiki maƙaryaci ne.

A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. In kai ya juya, ruwan yakan motsa, ƙwaƙwalwa ta gane an juya. Sai dai suna da rauni biyu. Na farko, idan jirgi ya karkata a hankali, ƙasa da kimanin digiri 2 a daƙiƙa, ba sa jin komai. Na biyu, idan juyin ya ɗore na daƙiƙa 15 zuwa 20, ruwan yakan daidaita da bututun, sai jiki ya ce ai an daina juyawa. Duk wanda ya taɓa yin hajijiya yana yaro ya san wannan: ka yi ta juyi, ka tsaya cak, sai ka ji duniya ta ɗauke ka ta wancan gefen, alhali ƙafafunka suna ƙasa.

Ka ɗauka matuƙi ya shiga gajimare, jirgi ya fara kwantawa hagu sannu a hankali. Bai ji ba. Ya duba agogo ya ga ya karkata, ya miƙar da jirgin. Nan take jikinsa ya ce masa yanzu ne fa ka karkata dama. In ya yarda da jikin, zai mayar da jirgin hagu inda ya fito, ya ji daɗi a ransa cewa ya daidaita. Jirgin da ya karkata yakan fara sauka. Ya ga tsayi yana raguwa, ya ja sanda baya, abin da sai ƙara tsananta juyin yake yi. Haka za a yi ta kewayawa ana gangarowa, gumi na keto masa, kujera na danna masa baya daidai yadda take yi in ana hawa sama, har a kai ƙasa.

Akwai wata yaudarar kuma: ƙara gudu yana sa jiki ya ji kamar hancin jirgi ya ɗaga, rage gudu ya sa a ji kamar an sunkuya. Duk wannan shi ake kira ɗimuwa, kuma ba ta san gwani ba. Ido ne kaɗai ke ƙaryata kunne, ko dai ta taga ko ta agogo.

Tsawon wane lokaci matuƙi yake da shi kafin abin ya ƙwace masa?

Gajere ne ƙwarai. A shekarar 1954 Jami'ar Illinois da ke Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da na'ura ba, aka toshe musu ganin waje a cikin ƙaramin jirgi mai fukafukai. Dukkansu jirgin ya ƙwace musu, a matsakaicin daƙiƙa 178. Na helikwafta ya fi haka gajarta. A 2021 ƙungiyar kula da lafiyar tafiyar helikwafta ta Amurka ta fito da wani gangamin wayar da kai da ta gina a kan daƙiƙa 56, adadin da ta samo daga nazarin hatsarurrukan da aka yi asarar rai bayan shiga gajimare ba shiri. Ko minti ɗaya bai cika ba.

An taɓa tabbatar da cewa hakan ne ya kayar da wani jirgi?

Sau da yawa. Ranar 26 ga Janairu 2020, helikwafta ƙirar Sikorsky S-76B ya faɗi a Calabasas da ke jihar Kalifoniya, ya hallaka mutum 9, cikinsu har da ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant da 'yarsa. Da safe ne ma, ba dare ba, amma hazo ya lulluɓe tuddai. Matuƙin yana da awoyin tashi sama da 8,000. Ya shaida wa jami'in hasumiya cewa yana hawa zuwa ƙafa 4,000, alhali a daidai lokacin jirgin ya kwanta hagu yana gangarowa da gudu. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, NTSB, ta ce ɗimuwa ce, bayan ya ci gaba da tafiya cikin gajimare.

Wanda ya haɗa dare da mummunan yanayi shi ne na 9 ga Fabrairu 2024. Helikwafta ƙirar Airbus EC130 ya tashi daga Palm Springs a jihar Kalifoniya zuwa Boulder City a jihar Nebada, duk a Amurka, ɗauke da shugaban rukunin bankin Access, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa, da tsohon shugaban kasuwar hannun jari ta Najeriya Abimbola Ogunbanjo, da matuƙa biyu. Wajen ƙarfe 10 na dare ya faɗi cikin hamada kusa da Halloran Springs, ba wanda ya tsira. Yankin duhu ne ƙirin, ban da fitilun motoci a babban titin da jirgin ke bi, kuma waɗanda ke kan titin sun ce ana ruwa haɗe da dusar ƙanƙara. A 2025 NTSB ta ɗora alhakin a kan shawarar ci gaba da tuƙi da ido cikin yanayin da ba a gani, da ɗimuwar da ta biyo baya, da kuma sakacin kamfanin wajen sa ido. Na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ba ta aiki, an kuma san haka tun kafin a tashi.

Me dare yake ƙarawa a kan mummunan yanayin?

Da rana kana hango gajimare daga nesa, ka kauce masa. Da dare, musamman in babu wata, ba ka ganinsa sai ka shiga. Alamar farko ita ce fitilun gari su fara dishi-dishi, su yi kewaye kamar an shafa musu mai, sannan su ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ko kuma ka ga hasken fitilar jirginka yana dawo maka a fuska.

Ido kansa yakan ragu. Yana buƙatar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma haske mai ƙarfi na ɗan lokaci, kamar walƙiya ko allon waya, yana iya rushe wannan sabon. Cikin duhu tsakiyar ido ba ta gani da kyau, shi ya sa ake koya wa matuƙa su riƙa kallon gefen abu maimakon su ƙura masa ido. Ƙarancin iskar shaƙa yana rage ganin dare tun daga tsayin ƙafa 5,000, mai shan taba kuma tun kafin nan.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Da dare wannan ƙimar takan ɓace. Idan ana tunkarar wuri mai fitila ta kan teku ko daji ko hamada, inda ba haske ko ɗaya a tsakani, matuƙi yakan ji kamar yana sama fiye da yadda yake, sai ya sauko da wuri. Fitila ɗaya tilo cikin duhu, in aka ƙura mata ido na 'yan daƙiƙu, sai a ga kamar tana tafiya. Jerin fitilun titi da ke hawa gangare yana iya zama kamar shi ne layin sama da ƙasa, mutum ya karkatar da jirgi don ya yi daidai da shi. Taurari da fitilun ƙasa ma suna cakuɗewa.

Sannan hazo ɗan dare ne. In sama ta yi garau, iska ta kwanta, ƙasa takan huce da sauri, danshin da ke cikin iska ya koma hazo, ya taru a kwaruruka da bakin ruwa, ya fi kauri gab da asuba. Hanyar da aka bi tana tas da ƙarfe 11, kafin ƙarfe 2 ta toshe. A wannan tsakanin ne kuma, daga kamar ƙarfe 2 zuwa 6, jikin ɗan Adam ya fi neman barci.

Tabaran ganin dare fa? Ba su magance matsalar ba?

Sun taimaka matuƙa, ba a musu. Suna ninka ɗan hasken wata da taurari har mutum ya ga tudu da bishiya. Amma faɗin abin da suke nunawa kusan digiri 40 ne, alhali ido yana kama kusan 200, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Kiyasin nisa yana raguwa. Siraran wayoyi ba sa fitowa da kyau, wasu jajayen fitilun zamani da ake sa wa dogayen turaku ma ba a ganinsu ta ciki. Abin da ya fi ban tsoro shi ne suna iya ratsa siririn hazo, sai matuƙi ya yi ta kutsawa bai san yanayi yana lalacewa ba, har ya kai inda tabaran za su daina nuna komai. A lokacin ya riga ya yi nisa a ciki.

Idan jirgin babba ne, mai inji biyu da matuƙa biyu da dukkan na'urori, shi kenan an tsira?

Hatsarin yana raguwa sosai, amma ba ya ƙarewa. Cikin daren 14 ga Maris 2017, helikwaftan ceto na masu tsaron gaɓar tekun Ailan, ƙirar Sikorsky S-92, yana tafiya ƙasa-ƙasa kan teku cikin mummunan yanayi zai je shan mai, ya bugi tsibirin Blackrock. Ma'aikata 4 ne a ciki, ƙwararru, duk suka rasu. Jirgin yana da na'urar da ke gargaɗi in an tunkari tudu, sai dai tsibirin ba ya cikin taswirar da aka ɗora mata. Wani ma'aikaci da ke baya ya hango shi ta kyamara, amma saura 'yan daƙiƙu. Na'ura abin da aka gaya mata kaɗai ta sani.

Ban da rashin gani, me yanayin yake yi wa jirgin kansa?

Hadari mai tsawa shi ne babba. A cikinsa da ƙarƙashinsa akwai iskar da ke rugowa ƙasa, wadda kan kai gudun ƙafa 6,000 a minti, alhali ƙaramin helikwafta da wuya hawansa ya wuce ƙafa 2,000 a minti. Shawarar da ake bai wa matuƙa ita ce a bar tazarar mil 20, sama da kilomita 30, tsakaninsu da hadari mai ƙarfi. Da dare walƙiya ce kawai ke nuna inda yake, ita ma tana kashe ido. A wuraren tsaunuka ko babu tsawa iska takan gangaro ta bayan dutse ta danne jirgi.

Sai ƙanƙara. Zafi yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000 da aka hau. A gajimare mai tsananin sanyi ɗigon ruwa yakan daskare a kan farfela, ya ɓata siffarta, ƙarfin ɗagawa ya ragu. In ƙanƙarar ta ɓalle daga reshe ɗaya ta bar sauran, jirgi ya kama jijjiga. Helikwaftoci kaɗan ne aka amince su shiga irin wannan yanayi.

Ƙura ma tana cikin lissafi. Gab da sauka a busasshen wuri, iskar farfela takan tayar da ƙura ta lulluɓe jirgin a daidai lokacin da aka fi buƙatar ganin ƙasa, fitilar sauka kuma ta mayar da ƙurar farin bango. A watan Afrilu 1980, lokacin da sojojin Amurka suka yi yunƙurin kuɓutar da mutanensu da aka tsare a Tehran, helikwaftoci 8 suka shiga hamadar Iran da dare suka ci karo da guguwar ƙura. Aka soke aikin, sannan wajen janyewa wani helikwafta ya bugi jirgin dakon kaya a ƙasa, sojoji 8 suka mutu.

Idan inji ya mutu da dare fa?

Helikwafta ba ya faɗowa kamar dutse. Iskar da ke ratsa farfela daga ƙasa tana ci gaba da juya ta, matuƙi ya sauko da jirgin, ya ɗaga hanci gab da ƙasa ya rage gudu. Amma sai ya zaɓi wurin sauka, kuma ya san daidai lokacin ɗaga hancin. Cikin duhu da ruwan sama, baƙin wurin da yake tunkara yana iya zama fili, ko tafki, ko daji.

Tun da ana kiransa mai saukar ungulu, me zai hana matuƙi ya sauka kawai in ya ga yanayi ya ɓaci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci wa masu bincike rai, domin babu abin da ya hana. Ƙungiyar masu harkar helikwafta ta duniya ta shafe shekaru tun 2013 tana roƙon matuƙa su sauka a duk inda suka samu, gona ce ko filin ƙwallo, su tsira da ransu. Abin da ke hana su ba na'ura ba ne. Kunya ce, da tsoron tambayoyin hukuma da na kamfani, da ganin cewa saura minti 10 a isa. Mutum in ya ci rabin hanya, kowace alama sai ya fassara ta da cewa gaba za ta washe. Sai ya rage gudu, ya sauko ƙasa kaɗan don ya ci gaba da ganin titi, gajimare ya ƙara saukowa, shi ma ya ƙara, har ya rasa sama ya rasa ƙasa.

In kuma babban mutum ne a baya, nauyin ya ninku, ko da bai ce uffan ba. Jerin shugabannin da suka rasu a irin wannan tafiya yana da tsawo. John Garang ya rasu ranar 30 ga Yuli 2005, makonni uku bayan rantsar da shi mataimakin shugaban Sudan na farko, lokacin da helikwaftan shugaban Yuganda da ke mayar da shi gida ya bugi tsauni cikin duhu da mummunan yanayi. Janar Bipin Rawat, babban hafsan tsaron Indiya, ya rasu ranar 8 ga Disamba 2021 kusa da garin Coonoor a kudancin Indiya, bayan jirginsu ya shiga gajimare. Shugaban Iran Ebrahim Raisi da ministan harkokin wajensa sun rasu ranar 19 ga Mayu 2024 a tsaunukan arewa maso yammacin ƙasar cikin hazo mai kauri, hazon da ya sa sai washegari aka gano tarkacen jirgin. Ba a ce matsin lamba ne ya jawo kowanne daga cikinsu ba, amma a ganina matuƙin da zai iya kallon shugaba ya ce ranka ya daɗe yau ba za mu tashi ba, ya fi wanda ya iya kutsawa cikin hazo daraja. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Jiragen ɗaukar marasa lafiya ai dole su tashi da dare. Yaya suke yi?

Su ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan matsala, kuma su ne suka fito da dabaru masu kyau. A Amurka, bayan munanan hatsarurrukan 2008, hukumar sufurin sama ta fitar da doka a 2014 da ta tilasta musu na'urar gargaɗin tudu da auna hatsarin kowace tafiya kafin a tashi. Kamfanoni da yawa ba sa gaya wa matuƙi halin da majinyaci yake ciki sai ya yanke shawara a kan yanayi, don kada jin cewa yaro ne ya sa tausayi ya rinjayi hankali. Akwai kuma ƙa'idar cewa sai duk mutum ukun da ke cikin jirgin sun yarda za a tafi, amma mutum ɗaya ya isa ya ce a koma. Wasu sun ɗora wa kansu iyaka tun daga ƙasa: in yanayi ya sa ka rage gudu da kusan kilomita 55 a awa, ko ya tilasta maka saukowa ƙasa da ƙafa 500 da dare, tafiya ta ƙare, ko ka juya ko ka sauka.

Idan duk da haka an shiga gajimaren, me ake koya wa matuƙi ya yi?

Ya amince cewa ya shiga, ya daina leƙen taga yana neman ƙasa. Ya mayar da ido kan agogon da ke nuna karkata, ya miƙar da jirgin, ya ƙara ƙarfi ya hau sama da duk wani tudu da ke yankin, ba tare da juyi mai kaifi ba. Sai jirgi ya natsu sannan ya kira hasumiya ya ce yana cikin matsala. Faɗar tana da sauƙi. Yin ta, a lokacin da duk jikinka yake rantsuwa cewa agogon ƙarya yake yi, sai wanda ya yi atisaye kwanan nan. Lasisin da aka samu shekara 10 da suka wuce ba a sake gwadawa ba, amfaninsa kaɗan ne.

Ni fasinja ne. Akwai abin da zan iya yi?

Akwai. Kafin ka yi hayar jirgi, ka tambaya ko kamfanin da jirgin da matuƙin suna da izinin tuƙi da na'ura, matuƙa nawa ne, kuma ko akwai na'urar gargaɗin tudu. In tafiyar za ta yiwu da rana, a yi ta da rana. Ka tanadi mota ko wurin kwana tun da wuri, ka kuma gaya wa matuƙin da bakinka cewa in ya fasa ko ya juya ba za ka ji haushi ba. A cikin jirgi kada ka kunna fitilar waya ko ka ɗauki hoto da filasha, ka rage surutu lokacin tashi da sauka. In ka ga fitilun ƙasa sun fara ɓacewa, ko ka hango waya ko turke a gaba, ka faɗa da ƙarfi, ko da kana zaton ya riga ya gani.